Zomo a Gaban Surukarsa

Ni dai ba mai shiga harkar mutane ba ce, kowa a Madarunfa zai shaide ni, in ban da 'yan baƙin ciki. Katangar da ta raba gidana da gidan Bashir ce ta zube rabi a daminar bara waccan, kuma babu wanda ya gyara. To in tsohuwa na zaune bisa tabarmarta tana tsintar wake, ido ya tsallaka, laifin wa? Abin da nake gani ta wannan giɓin shi ne, kullum da hantsi in Bashir ya dawo daga tafki ya rataye komarsa ta kamun kifi, sai ya leƙa zaure ya tabbata babu kowa, ya sunkuci ɗiyarsa Lami ya aza bisa cinya, ya riƙa ba ta kunu da ɗan ludayi. Da ya ji motsin takalmi a waje sai ya dire ta kamar ya ɗauki garwashi, ya murtuke fuska ya kama ɗinkin koma.

Lami 'yar fari ce, ita ce matsalar. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban manya, balle a gan shi yana ba shi abinci a baki. Shekararta uku ban taɓa jin sunanta a bakin Bashir ba, sai dai "waccan". Shi Bashir jikan yayata ne, saboda haka mijina ne na wasa, ina da ikon in faɗa masa abin da na ga dama.

Ƙarshen damina zazzaɓi ya kama Lami, aka kwantar da ita a ɗakin yara na likita, wato asibitin garinmu. Zazzaɓin ya sauka cikin kwana uku, amma yarinya ta kulle baki. Uwarta Rashida ta yi lallashi, ta ƙi. Kakarta ta wajen uwa, Hajiya Saratu mai atamfa, ta zo da tabarmarta da butarta ta tare a bakin gado, ta yi lallashi, ta yi barazana, ta yi addu'a, ta ƙi. Aka kawo kunun gyaɗa, aka kawo madara, aka kawo romon kifi, sai dai ta kau da kai ta dubi bango. Ranar Juma'a madam ɗin da ke kula da ɗakin ta ce in har la'asar ɗin Asabar ta yi ba ta ci komai ba, mota za ta kai ta Maraɗi a sa mata roba a hanci a riƙa ɗura mata madara.

Ni ina wurin aka faɗi haka, don ƙungiyarmu ta matan unguwa ce ke dama wa yaran likita kunu, kuma ni ce mai riƙe da muciya. Ba don labari nake zuwa ba, lada nake nema. In labarin ya zo da kansa kuma ba na korarsa.

Da na fito sai ga Bashir a gindin bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofa, inda ya kwana biyar yana tsayuwa. Kullum zai zo, ya aika a gaida Hajiya, ya tambayi jikin "waccan", ya tsaya ya yi ta kallon taga.

Na ce, "Kai mijin banza, an ɗauke ka gadin itacen wanga ne? Nawa ake biyanka?"

Ya ce, "Kaka, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ni kau na san hannun da yarinyar nan ke cin abinci."

Ya zabura ya dube ni. "Wa ya gaya miki?"

"Katanga."

Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da babban yatsa. Can ya ce, "Hajiya na ciki, ko salla a nan take yi. Ga matan gari cike da ɗaki. In shiga in ɗauki waccan in aza bisa cinya gaban surukata? Da wane ido zan dube ta?"

Na ce, "Da idon zomo."

Sai na ba ku labarin zomon nan tukuna. Ilyasu tela ya sayo dilar gwanjo a Maraɗi, da ya kwance sai ga wata riga fara sol mai gashi haɗe da wandonta, da ƙaton kai kamar masaki, da kunnuwa zaƙo-zaƙo, da safar hannu, da takalma masu yatsu uku-uku. Kwana biyu ana gardama a ƙofar shagonsa, wasu su ce jaki ne, wasu su ce zomo, wani mutumin Gabi da ya zo karɓar ɗinki ya ce shi dai a garinsu irin wannan ba a kwana da shi a gida. Haƙoran gaba biyu ne suka raba gardama. To samarin da ke fadar shan shayi a ƙofar shagon sun saba kowace Asabar su je likita su yi shara, su cika randuna, su yi wa yara wasa, ba don a biya su ba. Sai suka ce ga abin aiki ya samu. Ilyasu ya riƙa saka kayan yana yi wa yara tsalle. Doka ɗaya suka kafa, zomo ba ya magana, don ranar farko Ilyasu ya yi atishawa a ciki ya ce alhamdu lillahi, wata yarinya ta ce, "Laa, tela ne!"

Da na ce wa Bashir ya saka kayan nan ya shiga ya ba Lami kunu, sai ya ce shi magidanci ne, ba zai yi shigar dabba ba. Na ce to, ya je ya nemi kuɗin motar Maraɗi ya bi su a baya, can ma akwai itatuwa da zai tsaya. Ya yi tsaki, ya tafi, ya dawo, ya ce, "In na saka babu wanda zai gane?"

"Ko uwarka."

Muka je wajen Ilyasu. Shi ko murna ya yi, ya ce rigar nan zafinta kamar tukunyar dambu, wanda ke so ya ɗauka. Amma sai ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Gwaggo Inde, ni ba Bashir nike tsoro ba. Ke ce."

"Ni? Mi na taɓa faɗa?"

"Ran da na je neman aure Safo, kafin in sauka daga moto an san labarin a kasuwar kifi."

"Wannan ai albishir ne na yi maka."

Ya sa na yi alkawari har sau uku. Wallahi ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. Da na koma gida maƙwabciyata ta leƙo aron rariya, magana ta taho har bakin haƙorina, na maida ta. Daga ƙarshe akuyata na samu a turke na gaya mata komai, na ji sanyi.

Asabar da hantsi muka ɓoye Bashir bayan madafar likita muka saka masa kaya. Ya fi Ilyasu tsawo, wandon ya tsaya masa a ƙwauri, muka ja takalman sama suka rufe. Da aka kifa masa kan sai muka ji murya daga ciki kamar daga rijiya, "Ba na ganin komai." Ilyasu ya ce ta bakin zomon ake gani, ya duƙa kaɗan. Ni kuma na ce wannan ne zomo na farko a duniya mai warin tarwaɗa, na fesa masa ɗan turaren da ke lalitata.

Ilyasu ya ce, "Ka ji doka. Ko mi aka ce maka, shiru."

Kan zomo ya gyaɗa.

Ilyasu ya ɗauki bidon ruwa, jarkar nan ta roba, ya kama kiɗa, samari na tafi, muka fito tsakar likita. Yaran da ke iya tashi suka yo waje, masu filasta a hannu, masu aski rabi, wata da zanen uwarta a wuya. "Zomo! Zomo!" Shi ko Bashir ya tsaya ƙiƙam kamar turken jaki, hannuwa a gefe, irin tsayuwar 'yan lakwal, yaran makarantar boko, in za a ɗaga tuta. Na ce a raina shi ke nan, mun ɗauko gunki. Sai wata 'yar ƙarama mai suna Arziki ta zagaya ta baya ta finciki wutsiya. Ya daka tsalle don tsoro, kunnuwa suka yi sama suka dawo suka mare shi a fuska. Yara suka fashe da dariya. Ya sake tsalle, da gangan wannan karon, suka ƙara fashewa.

To daga nan ban san abin da ya shiga jikin yaron nan ba. Mutumin da ko ranar aurensa bai ɗaga ƙafa ba, sai ga shi yana karkaɗa ƙugu, yana tafiyar agwagwa, yana ɓuya bayan randa kunnuwa a waje, yara su yi kamar ba su gan shi ba. Ya faɗi da gangan, suka hau bayansa su huɗu. Wata mata da ta kwana shida ba ta ga haƙoran ɗiyarta ba ta tsaya tana share ido da bakin zane tana dariya. Har mai gadi ya jingine sandarsa ya taka.

Mata kuwa suka fara aikinsu. "Ilyasu ne a ciki?" "Ke, ga Ilyasu can yana bugun bido." "To wane ne?" Duk suka juyo kaina. "Inde, ke ba a yin abu a garin nan ba ki sani ba." Na zaro goro guda na cusa a baki ban ɓare ba, na nuna musu kumatu. Ɗaya ta ce, "Yau Inde ta yi shiru, lalle akwai magana."

Na ɗebo kunu a kofi na yi wa zomo inkiya, muka nufi ɗakin ciki inda Lami take, jama'a na biye da mu. Gadonta na ƙarshen ɗaki. Tana kwance ta juya wa duniya baya, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Rashida na zaune a gefen gado, ita ma ba ta san komai ba. Hajiya Saratu na bisa tabarma daf da ƙofa, carbi a hannu. Mace ce da ba a wasa da ita, in ta ce atamfa ba ta zuba to ko ta zuba ba ka komawa. Amma ranar nan hayaniyar yara ta ɗan sassauta mata fuska, har haƙorin Makka ya leƙo.

Ta ce, "A'a, baƙo muka yi? Sannu da zuwa Zomo. Ya mutan daji?"

Ai kuwa jikin Bashir ya yi abin da ya saba yi shekara huɗu in ya ji wannan muryar. Ya duƙa ya tuɓe takalmin zomo na dama, ya tuɓe na hagu, ya jera su gefen ƙofa. Ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da ƙaton kan nan kunnuwa na sharar siminti, sai muka ji daga ciki, a ladabce:

"Ina kwana Hajiya. An tashi lahiya? Ya mai jiki?"

Kiɗan bido ya tsaya cak. Na ji Ilyasu ya ce, "Inna lillahi." Ni kuwa saura kaɗan goro ya wuce mini maƙogwaro. Ga zomo fari tas a tsugune, ga ƙafafu baƙaƙe masu faso irin na wanda ya girma cikin laka. Kuma duk ɗakin an san Hajiya Saratu suruki ɗaya gare ta a garin nan, sauran 'ya'yanta mata suna aure can garin Sarkin Yamma. Rashida ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Wata ta toshe baki da hannu biyu tana ƙugi.

Shi ma sai a lokacin ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya fara ja da baya a tsugune, hannu na lalubar takalmi. Na san in ya fita daga ɗakin nan, ko da igiya ba a dawo da shi, kuma mota na nan tana jiran la'asar.

Sai muka ji wata 'yar murya daga ƙarshen ɗaki.

"Baba."

Lami ce ta juyo, ta ɗaga kai daga matashi. Kwana biyu ke nan ko uwarta ba ta yi wa magana ba.

Hajiya ta dubi yarinyar. Ta dubi ƙafafun nan. Ta ja carbi ɗaya, biyu, uku, ni ina ƙirgawa.

Ta ce, "Wane Baba? Ke ba ki gani ne? Zomo ne." Ta ɗaga kai ta bi matan ɗakin da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ko akwai wadda ta ga wani abu ban da zomo?"

Suka ce, "Zomo ne, Hajiya."

"Inde?"

Na tofar da goro a hannu na ce, "Zomo ne tsaf, Hajiya, ga kunnuwa nan."

Ta ce, "To madalla. Zomo dai ba shi da suruka, ban ga abin da zai hana shi shigowa ba. Amma wanga zomo an ba shi tarbiyya a gidansu, Allah ya yi wa iyayensa albarka." Ta tashi ta juya tabarmarta ta fuskanci bango, ta ce ita tana da lazimi da ba ta ƙarasa ba, kada wanda ya dame ta.

Na sa ƙafa na tunkuɗi zomo ta baya. Ya miƙe ya tako a hankali ba takalmi, ya zauna bakin gado. Safar hannun ta hana shi riƙe ludayi, ya cire ɗaya. Ya ɗauki Lami ya aza bisa cinya, ta kama gashin ƙirjin rigar ta leƙa cikin bakin zomon, ta daɗe tana leƙe, sai ta yi wani ɗan murmushi. Ya ɗebo kunu ya kai bakinta. Ta damƙe leɓe.

Ta ce, "Yi kwaɗo."

Zomo ya girgiza kai, ya nuna wajen Hajiya da kunne.

"Yi kwaɗo tukuna."

Ashe haka suke yi a gida, ni ma mai katanga ban taɓa kama wannan ba, don a hankali yake yi mata a kunne. Ya matso da kai kusa da ita. Can sai muka ji daga cikin masakin nan, "Ƙwarrr. Ƙwarrr-ƙwat."

Yaran da suka cika ƙofa suka zube ƙasa don dariya. Arziki na ihu, "Zomo na kukan kwaɗo!" Lami ta buɗe baki za ta yi dariya, ludayi ya shige. Ta haɗiye. Ta ce, "Kuma." Kowane ludayi da kukansa. Mata suka kama ƙirga da ƙarfi kamar ana awon hatsi, biyar, shida, bakwai. Na saci kallon Hajiya, fuskarta na bango amma kafaɗunta sai rawa suke, carbin ma ya faɗi bisa tabarma. Ban san wane lazimi ne ke sa mutum haka ba.

A na goma sha tara kofi ya ƙare. Madam ta zo ta ɗaga shi ta duba, ta taɓa cikin Lami, ta ce a gaya wa direba yau babu tafiya, a ga abin da gobe za ta yi. Rashida ta saki kuka a cikin mayafi, na ce mata ta yi a hankali kada ta tsorata mana dabba.

Sai ga wata sabuwa. Duk yaran ɗakin suka ce su ma ba su sha sai zomo ya ba su. Aka yi layi, masu kofi, masu kwano, har da waɗanda suka riga suka sha. Tukunyar da muke rabawa a yi saura, ranar nan sai da muka kankare ƙanzo. Bashir ya yi kukan kwaɗo har murya ta dushe, zufa na ɗiga ta ƙasan wando.

Da zai fita ya sake durƙusawa a ƙofa, wannan karon bai ce uffan ba. Hajiya, ba ta juyo ba, ta ce, "Zomo ya dawo da marece. Gobe ma safe da marece, har a sallame mu."

Ilyasu ya ce, "Hajiya, ai Asabar kaɗai muke..."

"Ni da zomo nike magana, tela."

Kwana huɗu ya yi yana zuwa. Ƙurajen zufa suka feso masa har wuya, kifin tafki ya samu hutu. Garin kuwa kowa ya sani, kuma ba ni na faɗa ba, wannan ya ɗan yi mini ciwo. Amma babu wanda ya tare shi da maganar. A kasuwa sai dai a ce masa, "Bashir, ka ji labarin zomon likita?" ya ce ya ji ana faɗa. Samarin fada kuma suka ce ai rigar ta samu mai ita, har yau shi ke sakawa ran Asabar.

Ranar Laraba aka sallami Lami. Muka fito, Rashida ɗauke da kwanuka, ni da tabarma, Hajiya riƙe da yarinya a kafaɗa. Bashir na bakin titi cikin rigarsa ta mutane, da ya hango mu ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa.

Hajiya ta ce, "Malam, kwana biyu. Ko sau ɗaya ba ka leƙo ɗakin ba, wani zomo ne ya yi ta yi maka wahala."

Ya ce, kai a ƙasa, "Allah ya saka mishi da alheri, Hajiya."

"Amin."

Lami ta miƙa hannuwa wajensa tana zillo. Ya yi kamar bai gani ba, ga masu kabu-kabu, ga masu tallar ƙosai, duk ido a kanmu. Hajiya ta tsaya ta taɓa kanta.

Ta ce, "Kai, mayafin wanga ya zame. Riƙe mini ita in gyara."

Ta ɗora masa yarinyar a hannu kafin ya ce wani abu, ta yi gaba. Ya miƙe da ita a ƙirji, ta saƙale wuyansa, ya biyo mu a baya. Muka wuce masu kifi, muka wuce shagon Ilyasu, muka wuce masallaci, Hajiya na ta gyaran mayafi, ta ja nan ta saki can. Har muka kai ƙofar gida bai gyaru ba.